Tsohuwar Kwalba Da Gorar Roba: Cire Takardar Jikinta Ba Shi Ne Wanki Ba

A gidajenmu da wuya a yar da kwalba. Ta lemo, ta maltina, har da kwalbar giya da ake saya wurin 'yan gwangwan, duk aiki suke komawa: a ɗura man gyaɗa, zuma, soyayyar gyaɗa, zoɓo, kunun aya ko lemon citta. Masu dafa burkutu ma da ita suke amfani. Abin da ya fi damun mai ɗurawa shi ne takardar da ke manne a jikin kwalbar, musamman idan ta giya ce, don ba wanda zai so a ga zumarsa da wannan tambari. Sai a ɓata rabin awa ana kankare waje, cikin kuwa a ɗauraye da ruwa sau ɗaya a ce an gama. Mu likitoci cikin ne ya dame mu, domin nan ne abin da za ku sha zai kwana.

Kafin ku cire takardar, ku karanta ta

Takardar nan ita kaɗai ce shaidar abin da ya taɓa zama a cikin kwalbar. Idan kun ga ta maganin ƙwari ce irin su Sniper ko fiya-fiya, ko maganin feshin ciyawa, ko ruwan batir, ko ta magani daga asibiti, to babu wankin da zai mayar da ita ta abinci. Roba musamman takan tsotse irin waɗannan sinadarai, ta riƙa sakin su a hankali cikin abin da aka zuba. Ku huda gorar ko ku fasa kwalbar don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita.

Kwalbar da ta zo muku babu takarda, ba ku kuma san daga ina ta fito ba, ita ma ku bar ta. Masu tsintar gora daga tasha suke kwasowa, da kwata, da bola, wani lokaci har da harabar asibiti, inda majinyata ke tofa kaki ko yin fitsari a ciki. Gorar da aka sha ruwanta a gidanku ta fi wadda kuka saya a buhu nesa ba kusa ba.

Ragowar giya a kwalba kuwa, ta fuskar lafiya, ruwa da sabulu na fitar da ita tas. Hukuncin amfani da kwalbar wannan fagen malamai ne.

Yadda ake cire ta ba tare da rauni ba

Ku zuba ruwan ɗumi a baho, ku sa omo ko 'yar kanwa, ku nutsar da kwalaben su cika da ruwa don kada su taso. Yawancin takardun kwalaben giya da lemo da gam mai narkewa a ruwa aka manna su, don haka bayan rabin awa zuwa 'yan awanni za ku ga sun sulluɓe da kansu. Wadda ta ƙi, a bar ta ta kwana. Irin ta leda mai danƙo ruwa ba ya cin gam ɗinta. Ku ɓare ledar, ku shafa man gyaɗa a wurin, bayan minti 10 ku goge da soso da sabulu.

Kada ku sa kananzir, fetur ko tina don narkar da gam, ko da wani ya ce ya fi sauri. Ɗigo ɗaya ya shiga ciki, warinsa ba ya fita. Reza da wuƙa kuma kan jikakkiyar kwalba zamewa suke yi, mun sha ɗinke tafin hannu saboda haka. Rubutun da aka buga da fenti a jikin gilashin, kamar na kwalaben lemo da ake mayarwa kamfani, ba ya fita da jiƙo. Ku ƙyale shi.

Wankin ciki

Ragowar sukari a gindin kwalba abinci ne ga ƙwayoyin cuta da fumfuna. Suna yin wani yauƙi mai manne wa gilashi wanda girgiza ruwa kaɗai ba ya cire shi, dole sai buroshi mai dogon hannu ya taɓa wurin. Idan babu buroshi, ku zuba ɗanyar shinkafa cokali biyu da ruwan sabulu ku girgiza da ƙarfi. Bayan haka ku ɗaga kwalbar ku duba ta a hasken rana. Idan akwai baƙin ɗigo da ya ƙi fita, ko tsaga, ko bakinta ya ɓantare, a yar.

Wanki yana cire datti, amma bai gama kashe ƙwayoyin cuta ba. Kwalbar gilashi a jera ta cikin tukunya da ruwan sanyi ya rufe ta, a ɗora a wuta, idan ya tafasa a ƙirga minti 10. Kada a tsoma kwalba mai sanyi cikin tafasasshen ruwa, tsagewa za ta yi.

Gorar roba ba ta jure wannan. Irin ta ruwan sha, mai lamba 1 cikin alamar kusurwa uku a gindinta, takan fara lanƙwashewa tun zafin ruwa bai wuce digiri 70 ba. Ita sai bilic irin su Hypo ko Jik, marar turare: babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa, a jiƙa gorar da murfinta minti 2 zuwa 5, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, a kife ta bushe da kanta. Kada a goge cikin da tsumma. Kada kuma a haɗa bilic da ruwan wanke masai, domin iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Murfi shi aka fi mantawa, alhali a cikin zarensa datti ya fi maƙalewa. Gorar da cikinta ya karce ko ya yi hazo ta gama aiki.

Idan zuma ko mai za ku ɗura, sai kwalbar ta bushe ƙarau. Ɗan ruwa kaɗan ya isa ya sa zuma ta fara tsami.

Wace cuta ake gudu?

Taifot, kwalara, ciwon hanta nau'in A da E, da gudawa iri-iri. Dukkansu daga bayan gidan mai cutar suke fitowa su shiga bakin wani ta ruwa, abinci ko hannu. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba gorar zoɓo ce ta haddasa wannan duka ba, amma a irin wannan lokaci gora ɗaya da aka ɗauraye da gurɓataccen ruwa tana iya kwantar da gida guda. Ciwon hanta nau'in E ya fi tsanani ga mai juna biyu. HIV kuwa, da mutane ke yawan tambayarmu, ba a ɗaukarta ta gora.

Abin sha mai tsami da kwalbar gilashi

Kunun zaƙi, kunun aya, lemon citta da burkutu ba sa tsayawa yadda aka ɗura su. Yis da ke ciki yana ci gaba da cin sukari yana fitar da iska, zafin garinmu kuma yana hanzarta shi. Gorar roba za ta kumbura ta yi tauri, ta ba ku sanarwa. Gilashi ba ya kumbura, fashewa yake yi, kuma ɓarɓashinsa fuska da ido yake nufa. Saboda haka kada ku cika kwalba har wuya, kada ku toshe kunu a gilashi ku bar shi a rana ko cikin mota. Kunun aya idan babu firji a shanye shi a ranar, ko a firji kada ya wuce kwana biyu ko uku. Gorar da ta kumbura ko ta yi tsiit da aka buɗe, a zubar da abin da ke ciki.

Idan yaro ya sha abin da ba na sha ba

Tsohuwar kwalba tana cutarwa ta wata hanyar kuma: a ɗura kananzir ko fiya-fiya a gorar lemo a ajiye bayan ƙofa. Yaro ɗan shekara biyu gorar ya sani, bai san abin da ke ciki ba. Idan dole ne ku ajiye irin wannan a gida, ku rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a jiki, ku ɗora inda hannun yaro ba ya kai.

Idan ya riga ya sha, kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ku ɗura masa manja ko madara. Amai yana tura kananzir cikin huhu, can ne kuma yake yin illar da ke kisa. Ku cire masa rigar da abin ya zuba, ku wanke jikinsa da sabulu, ku kai shi asibiti nan take ko da yana wasansa, domin wahalar numfashi kan iya bayyana bayan awanni. Idan yana dalalar da miyau, yana gumi, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, wannan alamar maganin ƙwari ce kuma akwai allurar da ke karya shi idan an zo da wuri. Ku taho da kwalbar, da takardarta idan tana nan.