Sabon Tanderun Gas: Duba Mafitar Hayaƙi da Daidaita Wuta

A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin shekaru goma na bunƙasa amfani da iskar gas, kuma tun daga lokacin ana ta jawo hankalin jama'a su rage dogaro da itace da gawayi. Wannan abu ne mai kyau ga dazuzzukan kudancin Jihar Kaduna, da kuma ƙirjin matan da suka daɗe suna shan hayaƙi a madafa. Amma tanderun gas, ko na gidan burodi ne ko na dafa ruwan wanka ko na ɗumama ɗaki, yana da nasa hatsarin, kuma yawancinsa ana iya tare shi tun ranar da aka kafa tanderun.

A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, lokacin hatsarin shi ne hunturu, watau watannin Disamba da Janairu. Masu burodi kan fara aiki cikin dare, sanyi ya sa a rufe ƙofa da tagogi, a cusa tsumma a kowace kafa, yaran shago kuma su shimfiɗa tabarma kusa da tanderu domin su ji ɗumi.

Abin da ke kashewa

Gas ba ya ƙonewa sosai sai da iska mai yawa. Mudu ɗaya na gas ɗin tukunya yana bukatar kamar mudu 24 zuwa 31 na iska. In ya sami wannan, abin da ke fita daga wutar tururin ruwa ne da iskar kabon dayoksayid. In kuwa iska ta kasa, sai wutar ta riƙa haifar da wata iska dabam, kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin nan da kowa ya sani na gas, da gangan kamfanoni ke zuba shi domin a gane yoyo. Gubar da ke fitowa bayan ƙonewa ba wanda ya sa mata alama.

Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi, har ninki 200 da ɗoriya. Kashi 200 cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa ya jawo ciwon kai cikin awa biyu ko uku, kashi 800 kuwa yana iya kisa cikin 'yan awoyi. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da nan da nan za a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Bambancin shi ne babu zafin jiki, mutanen ɗakin duka kan kamu lokaci guda, kuma sukan ji sauƙi da zarar sun fita waje. Mai barci kuwa ba ya jin komai.

Bututun hayaƙi

Wajibi ne bututun ya fita har waje, kada ya tsaya cikin silin ko a zaure. Faɗinsa kada ya kasa na bakin tanderun. Inda dole ya kwanta, ya riƙa hawa da aƙalla santimita 2 a kowace mita, kuma a rage lanƙwasa gwargwadon iko, domin hayaƙi mai zafi sama yake nema. Kansa ya ɗara duk wani abin da ke cikin tazarar mita 3 da shi da santimita 60, a kuma sa masa hula wadda za ta tare ruwan sama da iskar hunturu ba tare da ta toshe shi ba.

Ganin bututu a tsaye bai isa shaida ba. Kafin a biya mai gyara kuɗinsa, ya kamata mai tanderu ya tsaya a yi gwaji a gabansa. A rufe ƙofofi da tagogi kamar yadda ake rufe su a daren sanyi, a kunna tanderu ya yi minti biyar, sa'an nan a kunna turaren tsinke a riƙe shi a bakin rumfar da ke tara hayaƙi. In bututun yana aiki, zai zuƙe hayaƙin turaren zuwa ciki. In hayaƙin ya dawo cikin ɗaki, a bar wutar ta ƙara minti goma a sake gwadawa. In har yanzu yana dawowa, a kashe tanderu, kada a sake kunna shi sai an gano dalili. Ƙaramin madubi ma yana taimakawa, domin in ya yi gumi a gefen rumfar, hayaƙi na zubowa ke nan. Inda akwai fanka mai fitar da iska a bango, lalle a maimaita gwajin tana gudu, gama tana iya janyo hayaƙin baya ta cikin bututun. Masu gyara da yawa kan tsallake wannan, kuma ba daidai ba ne.

Ɗakin kansa yana bukatar kafofin iska biyu da ba a rufewa, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya kusa da rufi. A sa musu raga saboda ɓera, amma kada a liƙe su saboda ƙura.

Gwajin ba na rana ɗaya ba ne. Damina a wannan yanki tana da ƙarfi, tsatsa kuwa ba ta daɗewa ta huda kwano. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka cikin bututun da ya yi 'yan makonni ba wuta, haka ma tsuntsaye. Saboda haka a duba da kaka, kafin sanyi ya shigo.

Daidaita harshen wuta

Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana zaune daram a kan murhu. In bakinta ya yi rawaya, tana lilo, tana barin kunkunniya, iska ta yi mata kaɗan. Sai a buɗe marfin iskar da ke gindin murhu sannu a hankali har rawayar ta ɓace. In kuwa tana tashi daga kan murhu tana gurnani, iska ta yi yawa. Da hunturu akan ga tartsatsi ruwan goro yana wucewa cikin wutar: ƙura ce ke ƙonewa, ba ita ce rawayar da ake tsoro ba.

Yawancin tanderun da ake shigowa da su daga Turai na hannu an ƙera su ne domin gas na bututu, wanda kafar fitarsa ta fi ta gas ɗin tukunya faɗi. In aka haɗa irinsa da tukunya ba a sauya wannan kafa ba, babu murɗe-murɗen da zai gyara wutar. A karanta farantin da ke jikin tanderu, a nan aka rubuta irin gas da ƙarfin da yake bukata. Ƙananan murahu kan yi aiki da miliba 28 zuwa 37, mai gyara kuwa ya auna da ma'auni, kada ya kintata da ido. Mai tanderu kada ya taɓa na'urar da ke kan tukunya da kansa.

Tukunya ta zauna a waje, a inuwa, a tsaye, domin gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Mahaɗan tiyo a gwada su da kumfar sabulu, ba da ashana ba. A nemi tukunya mai tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, a kuma sayi gas wurin mai lasisin hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Ƙararrawar da ke gano kabon monoksayid tana aiki da batir. A rataye ta a ɗakin tanderu da inda ma'aikata ke kwana.

In an sami wanda ya faɗi, a buɗe ƙofofi, a fitar da shi sarari, a rufe gas daga tukunya. Kada a ɗura masa manja ko madara, domin gubar a jini take, ba a ciki ba, kuma wanda ya suma yana iya shaƙewa. A garzaya da shi babban asibitin Kafanchan ko asibiti mafi kusa, ko da ya farfaɗo a hanya, a gaya wa likita cewa daga ɗakin tanderu aka ɗauko shi domin a sa masa iskar oksijin ba da ɓata lokaci ba.