TSOHUWAR WAYAR TARHO DA SABON AIKINTA: ABIN LURA GA ANKA, GUMMI DA BUKKUYUM

Malaman ofis da malaman makaranta da yawa su kan yi wata tambaya wadda ta cancanci a amsa ta da kyau. Su kan ce sun ji labari a Ingila da Jamus mutum ya kan sami intanet mai sauri a cikin ɗakinsa ta kan tsohuwar wayar tarho wadda kakansa ya yi magana da ita, to, me ya hana a yi mana haka a ƙasar Zamfara? Wannan dabara da su ke nufi ita ce Turawa su ke kira DSL a taƙaice. A yau za mu bayyana yadda ta ke aiki, da dalilin da ya sa ta wuce mu, da kuma abin da ya kamata mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum su tsinta daga labarinta.

FILIN DA A KA BARI BA NOMA

A shekarar 1876 ne Alexander Graham Bell ya sami takardar shaidar ƙago tarho a Amurka. Daga baya, abin da ya zama yana haɗa gidan mutum da gidan waya shi ne silin jan ƙarfe guda biyu waɗanda a ka murɗe su tare kamar igiya. In mutum ya yi magana, muryarsa ta kan zama wata girgiza ta lantarki, ta bi silin nan har ta isa kunnen wanda a ke kira.

To, ga inda abin mamaki ya ke. Maganar ɗan Adam ba ta bukatar girgiza mai yawa. Masu aikin waya sun ƙayyade mata daga sau 300 zuwa sau 3,400 a cikin sakan guda, kuma wannan ya isa a gane muryar mai magana. Amma shi silin jan ƙarfen, in tafiyar ba ta yi nisa ba, yana iya ɗaukar girgizar da ta fi sau miliyan guda a sakan. Watau kamar mutum ne ya gaji fadama mai faɗi, ya yi shekara ɗari yana noma kunya guda a bakinta, sauran filin yana kwance.

Ko da intanet ta fara shiga gidaje, cikin kunyar nan guda a ka cusa ta. Na'urar da a ke kira modem ta kan mai da rubutu ya zama ƙara irin wadda tarho ke iya ɗauka, iyakar saurinta kuwa kilobit 56 a sakan. Muddin kuma mai gida yana kan intanet, ba mai iya samunsa ta tarho.

DABARAR MADUGU

Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani masani mai suna Joseph Lechleider, na ma'aikatar bincike ta Bellcore a Amurka, ya lura da wani abu. Wayoyin gidaje duka su kan taru a dami guda kusa da gidan waya, a nan ne kuma saƙon wannan sili ya fi kutsawa cikin na maƙwabcinsa ya ɓata shi. Sai ya ce a bar neman daidaita abin da ke fita daga gida da abin da ke shigowa. A ba mai shigowa hanya mai faɗi, mai fita kuwa a ba shi ƙarama. Wannan ya dace da halin mai amfani da intanet, domin kamar malamin ofis ya ke wanda ya rubuta takarda mai layi biyu zuwa hedkwata, a ka amsa masa da akwati cike da fayil. Irin wannan tsari shi a ke kira ADSL.

Sa'an nan wani shaihun malami na Jami'ar Stanford, John Cioffi, ya kawo dabarar da ta cika aikin, wadda ta yi rinjaye a wata gwajin da a ka yi a 1993. Ya raba filin nan na girgiza zuwa ƙananan hanyoyi 256. Da zarar an kunna na'ura, sai ta gwada kowace hanya ta ga ƙarfinta, daidai yadda madugu ya kan duba jakunansa kafin ayari ya tashi. Jakin da ya ga yana da ƙarfi ya ɗora masa kaya da yawa, mai rauni ya rage masa, gurgu kuwa ya bar shi ya tafi hakanan. Saboda haka ko da wani gidan rediyo ya dami hanya biyar ko goma, sauran su na nan su na aiki.

Maganar tarho kuma ba a taɓa kunyarta ba. Wani ɗan akwati ne a ke sawa a bango ya rarrabe, murya ta nufi tarho, saƙon intanet ya nufi kwamfuta. A gidan waya ma akwai babbar na'ura da ke tattara saƙon gidaje ta zuba shi cikin babbar hanya.

A 1999 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, watau ITU, ta tabbatar da ƙa'idar ADSL mai saurin da ya kai megabit 8 a sakan. Domin a gane bambancin, littafin makaranta wanda tsohuwar modem za ta yi kusan minti 17 tana saukewa, wannan za ta gama shi cikin sakan 7. A 2003 a ka fito da ADSL2+ mai megabit 24, a 2006 VDSL2 mai kai wa megabit 100, a 2014 kuma G.fast wadda ke iya kusantar megabit 1,000. Duk a kan silin da tun dā ya ke binne a ƙasa ko rataye a kan turaku. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.

NISA SHI NE ABOKIN GABA

Amma fa dabarar tana da iyaka wadda ba mai ƙetare ta. Girgiza mai sauri ta kan raunana tun ba a je ko'ina ba, ta ɓace cikin jan ƙarfen. ADSL ba ta cika yin amfani ba in gida ya wuce kamar mil 3 da rabi daga gidan waya, watau kilomita 5 da rabi. Megabit 24 ɗin nan sai wanda ke cikin kamar kilomita guda ya kan kusance shi. VDSL2 ba ta ba da cikakken saurinta sai cikin 'yan ɗaruruwan mitoci, G.fast kuwa kamar mita 100. Ga shi kuma tana son waya mai lafiya. In ruwa ya shiga mahaɗi, ko tsatsa ta kama shi, ko an yi ƙulli barkatai, sauri ya kan faɗi nan da nan.

Yanzu mai karatu ya auna wannan da ƙasarmu. Tsakanin Anka da Gummi ya fi mil 50. Bagega, wadda ke cikin ƙasar Anka, ta ninka iyakar ADSL sau da yawa daga cikin gari. Ko da a ce akwai gidan waya na zamani a tsakiyar kowane ɗaya daga garuruwan nan uku, amfaninsa zai tsaya ga unguwannin cikin gari, tungaye da ƙauyuka ba za su ɗanɗana ba.

ME YA SA TA WUCE MU

Babban dalili kuwa shi ne, ba a gyaran abin da babu. Tun farkon zamanin Turawa an ja wayar tangaraho a Arewa, amma domin Razdan da Di'o da tashoshin jirgin ƙasa a ka ja ta, ba a nufi gidan talaka ba. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar duka ba su kai 19,000 ba. A zamanin En'e, malamin hakimi ya fi dogara ga ɗan aike da keke ko doki bisa ga waya.

A 1985 a ka haɗa sashen tarho na ma'aikatar gidan waya da kamfanin sadarwar ƙasashen waje, a ka kafa NITEL. Tsofaffin ma'aikata za su tuna lambar Gusau 063, ta Sakkwato 060, ta Kano 064. Duk da haka, har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a fiye da miliyan 100, yawancinsu kuma su na Ikko da Abuja da manyan birane. A wannan shekara ce a ka sayar da lasin wayar salula, MTN da Econet su ka fara aiki a watan Agusta. Watau daidai lokacin da ƙasashen Turai su ke ɗora intanet a kan tsohuwar wayarsu, mu kuwa mu na juya wa tamu baya. Ɓarayi su ka yi ta tone jan ƙarfen su na sayarwa, masu aikin hanya su ka tsinka saura. NITEL ta durƙushe, a 2015 a ka miƙa kadarorinta ga kamfanin NATCOM.

Ba duk Afirka ce ta yi haka ba. A Senegal kamfanin Sonatel ya kula da wayoyinsa, ya fara ADSL a 2003. Masar da Maroko ma sun daɗe su na cin moriyarta. Abin da ya bambanta su da mu shi ne riƙon kayan gwamnati da gyara a kan kari.

ABIN DA ƘASAR ZAMFARA TA GANI

Kada wani ya zaci wannan zancen masu son kallon majigi ne kawai. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF su ka gano yara su na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya waɗanda a ke niƙawa a cikin gidaje. Dareta da Abare da Yargalma su na cikin wuraren da abin ya fi tsanani, yara aƙalla 400 su ka rasu. Bagega ma sai a 2013 a ka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Dalma ce ta kashe su, amma kowa ya san annoba ta fi ɓarna a inda labari ke jinkirin fita. Asibitin ƙauye yana bukatar hanyar da zai aika da rahoto da sakamakon gwajin jini a rana guda.

Sa'an nan a farkon Satumba na 2021, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta umarci kamfanoni su rufe turakun salula na Jihar Zamfara baki ɗaya, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. An buɗe Gusau ranar 1 ga Oktoba, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ba mu zo nan domin mu yanke hukunci a kan wannan shawara ba, hukuma ta yi ta ne don tsaron rayuka. Abin da mu ke so a lura shi ne, ranar da a ka kashe turakun, ɗan kasuwa da malamin asibiti da hedimasta duk su ka yi shiru tare, har mutane su na ƙetarawa jihohin maƙwabta don su buga waya ko su karɓi kuɗi. Ƙasar da ke da ƙofa guda tak, in an rufe ta, an rufe kowa.

MAFITA

Shin sai mu koma mu ja jan ƙarfe? A'a. Waɗanda su ka ci moriyarsa ma su na sallamarsa. Norwe ta rufe tsohuwar wayarta ta gidaje a ƙarshen 2022, Ingila ma tana kan hanyar yin ritaya ga tsohon tsarin tarhonta. Abin da ya gaje shi shi ne zaren gilashi, wanda haske ke bi ta cikinsa. Yana tafiya mil da yawa bai gaji ba, kuma ba shi da jan ƙarfen da ɓarawo zai narkar.

Amma darasin DSL yana nan daram. Duk ci gaban da ta samu, ta same shi ne ta hanyar matso da babbar hanya kusa da mutane, a rage tsawon ɗan guntun da ya saura. Haka abin ya ke ko guntun nan jan ƙarfe ne ko iskar salula. Turken da zaren gilashi ya iso gindinsa ya fi wanda ke karɓar saƙo daga wani turke, shi ma daga wani. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun riga sun sauka Ikko, MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano ta sauka a 2022. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin zaren gilashi na kilomita 90,000. Saura a ga ya bi ta Anka da Daki Takwas ya isa Gummi, ya ratsa Bukkuyum.

A nan ne aikin masu karatunmu ya ke. Malaman ƙananan hukumomi su sauƙaƙa izinin haƙa, kada kowane ofis ya ƙago nasa haraji a kan mai shimfiɗa waya. Su ajiye taswirar inda a ka binne ta, su nuna wa ɗan kwangilar hanya tun kafin katafila ta sa baki a ƙasa. In an zo rabon inda za a fara haɗawa, su tsaya a kan asibiti da makaranta da sakatariya, domin su sami hanya ta biyu ban da salula. Hakimai da dagatai su ɗauki wayar da ta ratsa ƙasarsu tamkar rijiyar gari. Malaman makaranta kuma su koya wa yara cewa wanda ya tone ta bai sami abin sayarwa ba, ya dai yanke wa asibitin garinsu magana.

Rashin riƙo ne ya ci wayar jan ƙarfe a ƙasar nan tun ba mu more ta ba, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. In mu ka yi wa zaren gilashi irin riƙon da mu ka yi mata, haka shi ma zai tafi. Allah ya ba shugabanninmu ikon kawo shi, ya ba mu ikon tsare shi, ya kuma zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, amin.