Tamowa da zawo

Dakoro tana arewa da Maradi. Mutanenta manoma ne da makiyaya. A shekara ta 2004, ruwan sama bai wadata ba, fara kuma ta faɗa wa gonaki. Da 2005 ta kama, rumbuna da yawa babu hatsi. Yara suka rame. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinyar masu tamowa a Dakoro. Cikin yaran da ake kaiwa irin wannan wuri, da yawa suna zuwa da zawo. Me ya haɗa tamowa da zawo?

Tamowa ciwo ce ta rashin isasshen abinci mai gina jiki. Jikin yaro mai tamowa ba ya da ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. In ya sha ruwa marar tsabta, ko ya ci abincin da ƙuda suka sauka a kai, nan da nan zawo ya kama shi. Zawonsa yakan daɗe, yakan kuma fi tsanani.

Shi kuma zawo yana ɓata hanji. Abinci yana wucewa, jiki bai amfana da shi ba. Ruwan jiki yana zubewa. Yaro ya ƙi cin abinci, ya ƙara ramewa. Ke nan tamowa tana jawo zawo, zawo yana ƙara tamowa. Abin ya fi yawa da damina, lokacin da hatsi ya ƙare, ruwan tabki kuma ya gurɓace.

Waɗansu suna hana ma yaro abinci wai don cikinsa ya huta. Kuskure ne babba. Ga abin da ya kamata a yi:

1. A ci gaba da ba shi nono.
2. A ba shi ruwan gishiri da sukari na gidan likita. In babu, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.
3. In ya wuce wata 6, a dama masa kunun gero da garin ƙuli-ƙuli ko na wake. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa.
4. A kai shi gidan likita a karɓo ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

In idanunsa suka zurma, ko ya kasa sha, ko aka ga jini cikin kashinsa, kada a bari a kwana.

Ku ƴan makaranta, ku ne kuke goyon ƙannenku. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku ba su abinci. Ku rufe tulun ruwan sha.

Tambayoyi

1. Me ya sa zawo ya fi kama yaro mai tamowa?
2. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari?
3. Waɗanne alamu ne suke nuna a kai yaro gidan likita da gaggawa?