Sunan Jiha da Takwarorinsa: Wani Giɓi a Manhajar Koyar da Hausa

1.0 Gabatarwa

A yayin da muke duba littattafan karatu da tambayoyin auna fahimta da ake amfani da su wajen koyar da Hausa, musamman ga ɗaliban da suke koyon ta a matsayin harshe na biyu, mun sha cin karo da wata matsala wadda ba a cika kula da ita ba. Matsalar kuwa ita ce, ana ɗaukar sunayen jihohin Nijeriya 36 tamkar kowane suna abu ɗaya tak yake nufi. Ba haka abin yake ba. Kusan duk jihohin nan aron suna suka yi daga wani abu da ya girme su, ko kogi, ko birni, ko masarauta, ko mutum, kuma mai sunan na asali yana nan bai saki sunansa ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin waɗannan takwarori, da hanyoyin da harshen Hausa ya tanada don rarrabe su.

2.0 Wa ya riga wani?

Jihohi ba su daɗe ba. An ƙirƙiro 12 na farko a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Saboda haka duk jimlar da ta haɗa kalmar "jiha" da abin da ya faru kafin waɗannan shekaru, sai a yi hattara da ita. Alal misali, idan marubuci ya ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi a Jihar Zamfara, ya yi kure, domin Shehu ya rasu a 1817, shekara 179 kafin a kafa jihar. Ƙasar Zamfara ya zaga, wato tsohuwar daular da jihar ta gaji sunanta. Haka nan Hassan Usman Katsina, wanda ya zama gwamnan soja na Arewa a 1966, sunan birni da gidan sarautarsa yake ɗauke da shi, tunda sai a 1987 aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna.

Jihohi 7 ne suke takwara da manyan biranensu: Bauchi, Gombe, Inugu, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato. Wannan ya sa ɗalibai suke zaton ƙa'ida ce, sai su ce garin Oyo ne hedikwatar Jihar Oyo alhali Ibadan ce, ko garin Ondo a maimakon Akure, ko garin Nasarawa a maimakon Lafiya.

Sunan Kano shi kaɗai ya isa darasi guda. Akwai birni, akwai masarauta, akwai Lardin Kano na zamanin Turawa, akwai Kogin Kano wanda aka datse a Tiga, akwai Malam Aminu Kano, akwai kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars. Ita kanta jihar ba ɗaya ba ce a tarihi. Daga 1967 zuwa 1991 ta haɗa da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Dutse, waɗanda yanzu suke Jihar Jigawa. A ƙidayar 2006 Kano ta haura mutum miliyan 9, Jigawa kuma ta haura miliyan 4. Wanda duk ya kwatanta waɗannan alƙaluma da na "Kano" ta shekarun baya ba tare da ya haɗa jihohin biyu ba, to ya auna ƙasa biyu da mudu ɗaya.

Sarautun gargajiya sun fi komai rikita baƙo. Sarkin Gusau, babban birnin Jihar Zamfara, Sarkin Katsinan Gusau ake kiran sa, shi kuwa Sarkin Zamfara yana Anka. Sarkin Kabi yana Argungu, amma Birnin Kebbi, hedikwatar jihar, mazaunin Sarkin Gwandu ne. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ma akwai Sarkin Katsina, domin can zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka kafa mulki bayan jihadi. Duk wannan ba ruɗani ba ne a wurin wanda ya san tarihi. Sawun ƙaurar jama'a da gidajen sarauta ne ya rage a jikin sunaye. Ita kuwa Katsina-Ala, gari da kogi ne a Jihar Binuwai, ɗaruruwan kilomitoci daga Katsina ta Dikko.

3.0 Koguna

Gwamnatocin soja sun yawaita raɗa wa jihohi sunayen koguna, kuma a ganinmu dalilin a fili yake, domin kogi ba ya da ƙabila. Daga nan aka sami Binuwai, Taraba, Yobe, Imo, Anambara, Ogun, Osun, Kuros Riba da sauransu. Jihohi biyu, Neja da Kwara, kogi ɗaya suka raba, tunda Kwara shi ne sunan da Hausawa da wasu maƙwabtansu suka san Kogin Neja da shi tun da can.

A nan Hausa ta fi Ingilishi tsabta. A rubutun Ingilishi kalma ɗaya ce take nufin kogin da jihar da kuma ƙasar da ke maƙwabtaka da mu ta arewa. Bahaushe kuwa yana cewa Neja ga jiha, Nijar ga ƙasa, don haka ɗan Neja mutumin Minna ne ko Bida, ɗan Nijar kuma mutumin Yamai ne ko Damagaram. Ɗalibin da ya fara sanin kalmar ta hanyar Ingilishi yakan haɗe su, kuma mun ga fassarori da dama da suka faɗa wannan rami. Haka kuma Neja Delta ba Jihar Delta ba ce. Hukumar raya yankin, wadda aka kafa a 2000, jihohi 9 take kula da su, Delta ɗaya ce kawai daga ciki.

Wani lokaci jiha takan shuɗe takwararta ta ci gaba da rayuwa. An raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba a 1991, amma Kogin Gongola yana nan yana zuba cikin Binuwai a kusa da Numan. A wannan shekara aka raba Bendel zuwa Edo da Delta, sai ƙungiyar ƙwallo ta Bendel Insurance da ke Benin ta riƙe sunan.

4.0 Abin da nahawu ya tanada

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar malamin Hausa kai tsaye. Sunayen garuruwa da ƙasashe da jihohi jinsin mace suke ɗauka a Hausa, ko da kalmar da aka samo su daga gare ta namiji ce. Sunan Jihar Kogi kalmar Hausa ce ta yau da kullum, an zaɓe ta ne saboda haɗuwar Neja da Binuwai a Lokoja. A dubi waɗannan jimloli:

Kogi ya cika ya batse.
Kogi ta yi sabon gwamna.
Dutse ya tare hanya.
Dutse ta cika da baƙi.
Katsina ta karɓi baƙuncin taron.
Katsina ya yi wa sojoji jawabi.

Wakilin suna "ya" ko "ta" shi kaɗai ya bambance ruwa da jiha, da dutsen hanya da hedikwatar Jigawa, da birni da mutum. Inda jinsi bai raba gardama ba, sai babban baƙi ya raba a rubuce: "ya tafi lafiya" daban, "ya tafi Lafiya" daban. Mun fi son a koyar da jinsi da ƙa'idar babban baƙi da irin waɗannan misalai a maimakon jerin kalmomin da ba su da alaƙa da juna, domin a nan ɗalibi yana ganin abin da kuskure zai jawo.

Sai dai jinsi ba ya raba birni da jiha, tunda duka mata ne. "Kano ta ci Filato" magana ce ta 'yan ƙwallo, kuma mai sauraren rediyo ya san ƙungiyoyi ake nufi. A littafin aji kuwa, ya kamata marubuci ya kawo kalmar da ke fayyacewa a karon farko: Jihar Kano, birnin Kano, Masarautar Kano, Kogin Kano.

Sunayen jama'a ma suna da nasu hukuncin. Sigar "ba-" da "-awa", kamar Bakano da Kanawa, Bakatsine da Katsinawa, Bakabe da Kabawa, Bazamfare da Zamfarawa, tsofaffin birane da dauloli take bi. Jihohi kuwa "ɗan" da "'yan" suke ɗauka. Mutumin Zuru ɗan Jihar Kebbi ne amma ba Bakabe ba ne, mutumin Daura ɗan Jihar Katsina ne amma Badauri ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aji mai ɗalibai daga wurare daban-daban, domin kiran mutum da sunan da ba nasa ba yakan sosa rai. Saboda wannan dalili muke ganin hikimar barin rubutu biyu, wato Kabi ga daula, Kebbi ga jiha.

Karin harshe bai san iyakar jiha ba. Ana yin Sakkwatanci a Kebbi da Zamfara, ba a Jihar Sakkwato kaɗai ba. A Jihar Katsina akwai Katsinanci da Dauranci, a Jihar Bauchi akwai Bausanci da Guddiranci, Zazzaganci yana Jihar Kaduna, Haɗejiyanci yana Jigawa. Babu wani kari da ake kira Kadunanci ko Jigawanci. Taswirar kare-karen Hausa da aka zana a kan iyakokin jihohi ɓata ɗalibi kawai take yi.

Masana harsuna ma sun ƙara wa al'amarin nauyi, kuma dole mu amsa laifinmu. Tun daga rabe-raben Joseph Greenberg na 1963 ake amfani da sunaye irin su Neja-Kwango, Binuwai-Kwango, Adamawa da Filato ga rukunonin harsuna. An ɗauko su ne daga koguna da yankuna, kafin a kafa jihohin. Fulfulde, harshen Lamiɗon Adamawa, ba ya cikin rukunin Adamawa, amma Mumuye na Jihar Taraba yana ciki. Rukunin Filato ya haɗa da Berom da Tarok, har da Tyap na Jihar Kaduna da Eggon na Nasarawa, alhali Ngas da Mwaghavul, waɗanda suke tsakiyar Jihar Filato, 'yan uwan Hausa ne a rukunin Cadi. Swahili da Zulu kuwa suna cikin Binuwai-Kwango. Ita Adamawa, wadda ta samo suna daga Modibbo Adama, tana da takwara a Kamaru, wato yankin da Ngaundere take hedikwatarsa.

5.0 Laƙabi da kirari

Kowace jiha tana da laƙabin da ake rubutawa a lambar mota: Kano cibiyar kasuwanci, Sakkwato mazaunin daular Usmaniyya, Kogi jihar mahaɗar ruwa, Binuwai rumbun abincin ƙasa, Neja jihar wutar lantarki saboda madatsun Kainji da Shiroro. Su ma laƙaban suna haifar da takwarori. Ƙungiyar Sunshine Stars ta Akure daga laƙabin Ondo, jihar hasken rana, ta samo sunanta, laƙabin da Jihar Fulorida ta Amurka ita ma take amsawa. Ƙungiyar Heartland ta Owerri kuma daga laƙabin Imo.

Abin da ya kamata malami ya kiyaye shi ne bambanci tsakanin irin wannan laƙabi na gwamnati da kirarin gargajiya. Laƙabi gwamnati ce take zaɓen sa da Ingilishi, kuma tana iya sauya shi, kamar yadda Kaduna ta bar laƙabinta na jihar sassauci ta koma cibiyar ilmi. Kirari kuwa na birni ne da sarakunansa. "Ta Dabo" tana nuni ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1819, "ta Dikko" ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, "Bauchin Yakubu" kuma ga wanda ya kafa garin. 'Yan jarida sukan shimfiɗa "tumbin giwa" ko "ɗakin kara" a kan jiha baki ɗaya, mu ma ba za mu hana su ba, amma a darasin adabi dole a mayar da kirari ga mai shi, tunda Daura da Katagum da Misau kowace tana da nata.

Ga malaman da suke koyarwa a ƙasar Yarabawa, akwai wata ƙofa da ɗalibansu suka riga suka buɗe. Kalmarsu ta wando da sunan Sakkwato baƙaƙe ɗaya suke da su a rubutun yau da kullum, karin sauti da furucin baƙin farko ne suka raba su, har suna da karin magana game da wanda ya tafi Sakkwato neman abin da yake cikin aljihun wandonsa. Ɗalibin da ya san wannan ba zai sha wuya ba idan aka kawo masa "kogi" da "Kogi", ko "lafiya" da "Lafiya", a makon farko na darasin jinsi.