Hanyar Kwatano zuwa Maraɗi: Yadda Kaya Ke Gudana da Abin da Ke Tare Su

Jamhuriyar Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka kayan da take sayowa daga ƙetare sai sun sauka a tashar jiragen ruwan wata ƙasa. Shekaru da dama tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin ce babbar ƙofarta. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda kaya ke bin wannan hanya da dalilan da ke sauya akalarsu.

Kafin rufe iyaka a 2023, daga Kwatano manyan motoci kan nufi arewa ta Paraku, inda layin dogo mai tsawon kilomita 438 ya tuƙe, su isa Malanbil, su haye gadar Kogin Kwara zuwa Gaya. A Doso hanyar ta rabu biyu: ɗaya ta yi yamma zuwa Yamai, ɗaya ta yi gabas ta Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi. Yankin Bargu da hanyar ke ratsawa ba baƙo ba ne ga Hausawa, domin ta nan fataken goro suka riƙa bi zuwa Gwanja.

Kayan da ke hawa arewa sun fi masu gangarowa yawa. Kafin rufe iyaka a 2023, shinkafa da man girki da gwanjo da tsofaffin motoci ne suka riƙa hawa, yuraniyom na Arlit da albasa da dabbobi kuma suka riƙa gangarowa. Motar da ta koma ba lodi kuwa, mai kayan da ya ɗauke ta a tafiyar farko shi ke biyan kuɗin dawowarta, wanda hakan ke ƙara tsadar dako.

Ba duk abin da ya shiga Nijar ne ake amfani da shi a can ba. Kaso mai yawa yakan sauka a rumbunan Gaya da Ƙonni da Maraɗi, daga baya ya tsallaka Nijeriya ta Kamba ko Illela ko Jibiya. Tushen wannan ciniki shi ne bambancin haraji: duk lokacin da Nijeriya ta hana shigo da wata haja ko ta tsawwala mata kuɗin kwastan, ribar zagayowa da ita takan ƙaru. A kan wannan ne arzikin alhazan Maraɗi da dama ya ginu.

Siyasa ita ce babbar barazanar hanyar. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya rufe gadar Malanbil, kuma ko da aka janye shi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Sai kaya suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, ƙananan 'yan kasuwa kuma suka koma fito da kwalekwale. Duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, mai saye a kasuwar Maraɗi ne ke biyan kuɗinsa a farashin mudun shinkafa.