Tsohon DT a Yashin Dakoro: Abin da Mai Saye Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya san ƙauyukan Dakoro ya san kukan babur ɗin DT. Tun yana nesa ake jin sa, siriri mai kaifi, shuɗin hayaƙi na biye da shi. A kansa malamin asibiti ke kai allurar rigakafi, a kansa ma'aikacin kiwo da jami'an furoje ke ratsa ƙasar Mai Yara da Kornaka da Sabon Machi har kwarin Tarka. Da zarar an sauka daga babbar hanyar Maradi zuwa Dakoro, sai yashi, kuma yashi ba ya raga wa babur mai nauyi. Yau da yawa daga cikin waɗannan babura sun tsufa. Wasu an yi gwanjonsu, wasu na jingine a bayan gareji, kuma matasa na sha'awar tayar da su. Sha'awar ba ta da laifi, amma a san abin da za a shiga.

Kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DT na farko a 1968, sannan ƙananansa, 125 da 175, suka biyo baya. A 1973 ya ƙera AG100 saboda manoma da makiyayan Ostireliya, shi ma daga baya ya zama abin hawan ma'aikatan lafiya a karkarar Afirka. Suzuki na da nasa, TS. Dukkansu injinsu iri ɗaya ne, mai bugu biyu, dangin na tsohuwar mobilet da ake zuba wa melanji.

Bambancin DT da Kasea ko Boxer da 'yan kabu-kabu ke hawa yau yana cikin ciki. Injin Boxer mai bugu huɗu ne: sai ya juya sau biyu wuta ke tashi sau ɗaya, yana da bawul, kuma baƙin mansa na kwance a ƙasan inji yana zagayawa. Mai bugu biyu kuwa kowane juyi wuta ce. Ba shi da bawul, fistan ne da kansa ke buɗewa da rufe ramukan da mai ke shiga hayaƙi ke fita. Shi ya sa ba shi da nauyi, ga saurin zabura, kuma bakanike zai iya kwance kansa a gindin bishiya da 'yan sifanu kaɗan. Sai dai ba shi da wurin ajiye baƙin mai a gindin fistan. Man da ke shafa ƙarfensa tare da fetur yake shiga, tare suke ƙonewa. Hayaƙin nan da ake gani daga nan yake, kuma a nan ne ran babur ɗin yake.

Yawancin DT da suka mutu a ƙasar nan ba tsufa ya kashe su ba. Mai ne da ƙura.

Tun 1964 Yamaha ke sa wa baburansa famfon da ke auna man da kansa daga wani ƙaramin tanki, abin da ya kira Autolube. Idan famfon ya tsufa, makanikai kan cire shi su ce a riƙa haɗawa da hannu. Hakan na yiwuwa, amma sai da awo. Kashi 2 cikin 100 shi ne mililita 20 a lita ɗaya, kashi 4 kuma mililita 40, gwargwadon abin da injin ke buƙata. Abin da ake gani a bakin kasuwa daban ne: a tsaya wurin mai bumburutu, a tsiyaya fetur daga kwalba, a ɗiga baƙin mai da ido, wani lokaci ma ragowar wanda aka juye daga mota. Idan ya yi kaɗan, fistan ya yi zafi ya kame a tsakiyar daji. Idan ya yi yawa ko ba irinsa ba ne, buji ya jiƙe, salansa ta toshe da baƙin dauɗa, babur ya riƙa shaƙewa. A nemi man da aka rubuta 2T a jikin robarsa. Ya fi tsada, amma bai kai kuɗin fistan da ringi ba.

Ƙura kuma ta soso take shiga. Soson iska ɗan abu ne da ba a kula da shi, alhali a lokacin hunturu shi kaɗai ke tsakanin yashi da cikin inji. A cire shi a wanke, a matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, a shafa masa mai kaɗan har ya yi danƙo, a mayar da shi ya zauna daram. Wanda ya yage a canza shi. Na sha ganin mai babur ya kashe kuɗi a kan fenti da sitika, soson kuwa ya zama gari.

Mai niyyar sayen tsoho ya fara da takardu, na duwan da na mallaka, ya duba lambar firam da ta inji su dace da abin da ke rubuce. Sannan ya taka kik a hankali. Idan ya sauka salaf babu turjiya, ringi ya cinye. Ya kwance buji ya dubi bakinsa: launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, fari fat na nufin inji na shan iska fiye da ƙima, kuma sau da yawa robobin gefen kiranshaf ne suka bushe. Wannan gyara ne da bai kamata a jinkirta ba, don shi ke huda fistan. Kayan gyara ana samu a Maradi da Kano, amma jabu ya fi na asali yawa, saboda haka a je da bakaniken da ya san hannunsa. Bayan an sa sabon ringi, a lallaɓa babur ɗin na wani lokaci kafin a buɗe masa wuta.

Hawansa a yashi ma sai an koya. A rage iskar taya kaɗan, a ja jiki baya, a riƙe wuta daidai, kada a damƙe birkin gaba. Mai tsoro shi ke faɗuwa, don da ya saki totur tayar gaba take nutsewa. A ɗauki faci da famfo saboda ƙayar aduwa, da buji na biyu a aljihu. Hular kwano kuwa ba ta jami'in furoje kaɗai ba ce.

Dole a faɗi aibinsa. Yana shan fetur fiye da mai bugu huɗu, domin wani kaso na man yakan fice ta salansa bai ƙone ba. Dokokin hayaƙi sun kore yawancin masu bugu biyu daga titunan Turai, Honda ma ya daina ƙera nasa na tseren daji bayan 2007, ko da yake Yamaha da KTM na ci gaba da yi wa masu wasan daji. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, man da ke tsallakowa iyaka ya daina araha, kuma mai DT ya fi kowa jin haka a aljihunsa.

Don haka, wanda aikinsa kabu-kabu ne a kan hanya mai tauri, ya sayi mai bugu huɗu ya huta. Wanda kuma kullum yashi yake ratsawa zuwa ruga da rijiya da kasuwar ƙauye, tsohon DT zai yi masa aiki shekaru, muddin zai auna mai da awo ya kuma wanke soso. Idan ka san ba za ka iya waɗannan biyun ba, bar shi inda ka gan shi.