Tafintan da ke ɓoye cikin wayoyin Android

Waɗanda suka riƙe wayar Android a shekarar 2015 ba za su manta ba: da zarar an sabunta tsarin waya, sai ta ƙi buɗewa, ta tsaya tana ƙirga manhajoji ɗaya bayan ɗaya wai tana gyara su. Mutane da dama sun ɗauka wayar ce ta lalace, alhali kuwa sakamakon wata shawara ce da kamfanin Google ya yanke da gangan.

Tun farko Google ya zaɓi harshen Java don rubuta manhajojin Android, saboda waɗanda suka iya shi suna da yawa, kuma manhaja guda za ta yi aiki a wayoyin kamfanoni daban-daban. Sai dai ƙwaƙwalwar waya ba ta jin Java kai tsaye. Don haka aka sa tafinta a tsakani, wata manhaja da ke kwaikwayon na'ura mai suna Dalvik.

Magana ta bakin tafinta kuwa ba ta sauri. A 2010, cikin Android 2.2, an koya wa Dalvik fassara sassan da ake yawan amfani da su yayin da manhaja ke aiki. Gudu ya ƙaru, amma duk lokacin da aka sake buɗe manhajar sai an maimaita aikin, batir na ta zuba.

A 2014 Android 5.0 ya zo da sabon tafinta, ART, wanda ke fassara manhaja tun ranar da aka sauke ta. Manhajoji suka riƙa buɗewa da sauri, amma girka su ya ɗauki lokaci, suka kuma cinye wurin ajiya, abin da ya fi ƙuntata wa masu ƙananan wayoyi na gigabait 8. Kowane sabuntawa kuma sai an sake fassarar daga farko. Asalin waccan ƙirgar ke nan.

Sai a Android 7.0 na 2016 aka raba gardama. Yanzu waya na lura da sassan da mai ita ya fi taɓawa, ta jira har an jona ta a caji ba a amfani da ita, sannan ta fassara su kaɗai.

Harshen Kotlin, wanda Google ya fifita tun 2019, shi ma ta wannan tafinta yake bi. Masu ƙera manyan wasannin waya kuwa sukan tsallake shi, su rubuta da C++ don samun cikakken gudu. Amma a C++ ƙaramin kuskure wajen sarrafa ma'ajiyar bayanai kan buɗe wa masu kutse ƙofa, shi ya sa tun 2021 Google ya fara rubuta wasu sassan Android da harshen Rust.